Sukari a Fitsarin Jariri: Yadda Binciken William Gahl Ya Ƙara wa Yara Shekaru

'Yan'uwa ɗalibai, yanzu da muka shiga kakar furojet, babu tambayar da ta fi yawo a ofisoshin malamanmu kamar wannan: "To, binciken nan naka wa zai amfana?" Mu kuma mun riga mun haddace amsa. Sai mu cika rabin shafi da cewa zai amfani gwamnati, zai amfani al'umma, zai amfani masu bincike na gaba. Ni ma haka na sha gani a furojet ɗin yayyenmu, kuma haka na yi niyyar kwafa. Abin da ya sa na daina ɗaukar tambayar da wasa ya faru ne lokacin da nake SIWES, kuma shi ne ya kai ni ga sunan wani likita ɗan Amurka mai suna William Gahl. Ina so in ba ku labarin aikinsa, domin a wajensa na fara fahimtar abin da ake nufi idan an ce bincike ya yi tasiri.

Abin da na gani a lab

Ni ɗalibin SLT ne, kuma a lab ɗin wani asibitin gwamnati na yi watannina huɗu. Wata safiya aka kawo fitsarin wani yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Na tsoma tsinken gwaji, sai ga gurbin sukari ya sauya launi. Da ɗokina na juya na ce, "Oga, yaron nan ciwon suga gare shi."

Ogan namu dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ce, "Wa ya gaya maka? Ka auna na jini?"

Aka auna sukarin jini, lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "To ka gani, ɗana. Idan sukari ya yi yawa a jini har ya tumbatsa cikin fitsari, wannan ciwon suga ne. Amma idan na jini daidai yake, ga shi kuma a fitsari, ƙodar ce take yoyo."

Mahaifiyar yaron tana zaune a benci. Ta ce ruwa ba ya isarsa, fitsari kamar famfo, ga amai, kuma ya ƙi girma. Likita ya tura su asibitin koyarwa. Abubuwa da dama na iya jawo irin wannan yoyo. Amma da na koma hostel na buɗe littafi, sai na tarar cewa a cikin cututtukan gado, wadda ta fi haddasa shi ga yara ita ce wata cuta mai suna sistinosis. Daga nan na bi zaren.

Yadda ƙoda take aiki

Yawancinmu muna ɗaukar ƙoda kamar rariya: datti ya wuce, mai kyau ya tsaya. Aikinta ya ɗan fi haka. Ku ɗauki mutumin da yake son ya share aljihunsa. Zazzage komai zai yi a kan tebur, sannan ya tsince kuɗi da makulli da katin shaida ya mayar, ya bar bawon gyaɗa da takardun alewa. Haka ƙoda take yi. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. A jikin babban mutum suna tace ruwa wajen lita 180 a kullum, amma fitsarin da yake fita bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Saura duk ana mayar da shi cikin jini.

Mafi yawan wannan tsinta ana yin ta ne a farkon wani siririn bututu da ke bin kowace matata. A nan ake dawo da kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, da kusan dukkan sukari, da sinadaran gina jiki, da fosfet wanda ƙashi yake buƙata, da bakabonet mai hana jini yin tsami. Idan wannan sashe ya gaza, duk waɗannan sai su bi fitsari. Yaro ya yi ta ƙishirwa, jikinsa ya bushe, ƙashinsa ya yi laushi har ƙafafu su lanƙwashe, girma ya tsaya. Ana kiran wannan yanayi da sunan Guido Fanconi, likitan yara na asibitin yara na birnin Zurik a Suwizalan, wanda ya bayyana shi a shekarun 1930.

Cutar da ta daɗe ba magani

Sistin wani ƙaramin sinadari ne da yake fitowa idan jiki ya narkar da furotin. Kowa yana da shi. A jikin mai sistinosis kuwa taruwa yake yi a cikin tantanin jiki, har ya ninka na mai lafiya sau 50 zuwa 100. Da yake ba ya narkewa sosai, sai ya daskare ya zama kamar ƙananan ɓarɓashin gilashi a ƙoda, ido, hanta, saifa da ɓargo.

Tun a 1903 masanin sinadarai Emil Abderhalden ya ga wannan ɓarɓashi a hanta da saifar wani jariri da ya rasu. A 1924 wani likita ɗan ƙasar Holan, George Lignac, ya haɗa shi da ciwon ƙoda da laushin ƙashi da rashin girma. An san cutar, an san yadda take tafiya, amma babu abin yi. Ana haihuwar yaro lafiya ƙalau. Tsakanin wata 6 zuwa 12 yoyon ya fara. Kafin ya cika shekara 10 ƙodar ta mutu gaba ɗaya. Kafin zuwan wankin ƙoda da dashen ƙoda ga yara, a nan rayuwar take ƙarewa.

Cutar ba ta da yawa: kusan haihuwa ɗaya cikin 100,000 zuwa 200,000. Hanyar gadonta kuwa mun san irinta, domin daidai take da ta sikila. Uba yana ɗauke da ƙwayar gado ɗaya mai matsala, uwa ma haka, dukkansu lafiyarsu lau, kamar dai AS da AS. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya ɗauko biyun.

Ina yake taruwa, kuma me ya sa?

A 1967 Jerry Schneider da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, wato NIH, suka nuna cewa sistin ɗin ba a warwatse yake cikin tantani ba, a killace yake a wani ƙaramin sashe, wanda aka tabbatar shi ne laisosom. Wanda ya yi bayoloji ya san shi. Christian de Duve ne ya gano shi a 1955, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1974.

Ni yadda na fi gane laisosom shi ne in ɗauke shi kamar filin 'yan jari-bola. Ana kawo tsofaffin kaya, a farfasa su, a ware ƙarfe gefe, roba gefe, dalma gefe, sannan a fitar da kowanne a kai inda za a sake amfani da shi. Kafin wannan lokaci, cututtukan laisosom da aka sani duk matsalar masu fasawa ce: wani sinadarin narkarwa ya ɓace, kaya su taru ba a fasa ba. To amma a sistinosis an duba, masu fasawa suna aikinsu. Me ya hana kayan fita?

A nan Gahl ya shigo. Ya yi digirinsa na farko a MIT, ya yi karatun likita a Jami'ar Wisconsin, ya ƙware a kan yara, sannan ya koma NIH a 1981. A 1982 shi da Joseph Schulman da Frank Tietze da sauran abokan aikinsu suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Dabarar tana da sauƙin faɗa. Sun ɗebi fararen ƙwayoyin jini na masu lafiya da na masu cutar, suka yi amfani da wani nau'in sistin da aka yi wa kwaskwarima yadda zai iya kutsawa cikin laisosom, idan ya shiga kuma ya koma sistin na ainihi. Ta haka suka cika laisosom ɗin kowane ɓangare. Sai suka ware su, suka zauna suna auna abin da yake fita. Na masu lafiya suka yi ta zubar da sistin. Na masu cutar kuwa suka riƙe abinsu.

Amsar ke nan: akwai ƙofa ta musamman a jikin laisosom wadda sistin yake fita ta cikinta, kuma a jikin waɗannan yara ƙofar a toshe take. Ci gaban aikin ya nuna cewa a jikin iyayensu ƙofar tana yin kusan rabin aikin na mai lafiya, abin da ya dace da hanyar gadon. A shekarar ne kuma rukunin Schneider ya samu irin wannan sakamako a nasa gwajin. Sistinosis ta zama cuta ta farko da aka tabbatar cewa matsalarta ƙofar laisosom ce. Bayan 'yan shekaru Gahl da abokansa suka nuna irin haka a wata cutar gado mai suna Salla, inda wani sinadarin daban yake maƙalewa.

Maganin da ya bi ta wata ƙofa

Wani abin mamaki, an samu maganin kafin a gane ainihin matsalar. A 1976 Jess Thoene, yana aiki tare da Schneider, ya zuba wani sinadari mai suna sistiyamin a kan tantanin fatar masu cutar da ake rainonsa a lab, sai sistin ɗin ya zube. Sistiyamin ba sabon abu ba ne, a shekarun 1970 an yi amfani da shi wajen ceto waɗanda suka sha farasitamol fiye da kima. Amma yaya aka yi ya fitar da kaya ta ƙofar da take toshe?

Binciken tsakiyar shekarun 1980, na rukunin Gahl da na Thoene, ya warware wannan. Sistin ɗin nan tagwaye ne, gida biyu da aka ɗaure da igiyar sulfa. Sistiyamin yana shiga laisosom ya tsinke igiyar. Rabi ɗaya ya fita ta tasa hanyar. Ɗaya rabin ya manne da sistiyamin, su biyun su zama wani abu mai kama da sinadarin laisin, sai ƙofar laisin, wadda lafiyarta ƙalau, ta bar shi ya wuce. Kamar dai ɗalibin da aka rufe wa babban get, ya ari rigar ma'aikata ya bi ta ƙofarsu.

Sai dai abin da ya yi aiki a cikin kwano a lab ba lallai ya ceci ƙodar yaro ba. Wannan sai an gwada, kuma gwajin yana cin shekaru, domin ƙoda a hankali take lalacewa. A 1987 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon babban gwajin, Gahl ne kan gaba a jerin marubutan. Yara 93 aka bai wa maganin, wasu har tsawon wata 73, aka kwatanta su da yara 55 da ba su samu ba a wani gwaji na baya. Sistin ɗin fararen ƙwayoyin jininsu ya ragu da kusan kashi 82 cikin 100, ƙodarsu ta fi riƙe ƙarfinta, kuma sun fi girma. A 1993 wani binciken nasu ya nuna cewa waɗanda suka fi cin moriya su ne waɗanda aka fara ba su kafin su cika shekara 2 kuma suka riƙa sha yadda ya kamata. A 1994 hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin da sunan Cystagon.

Ku lissafa da kanku. Daga ɓarɓashin da Abderhalden ya gani zuwa maganin da likita zai iya rubutawa, shekara 91. Daga kwanon Thoene zuwa amincewar hukuma, shekara 18.

Ido ma ba a bar shi ba. Maganin sha ba ya kaiwa baƙin ido sosai, domin fatar gaban ido ba ta da jijiyoyin jini, shi ya sa ɓarɓashin yake ci gaba da taruwa har haske ya riƙa damun mai cutar. A 1987 Muriel Kaiser-Kupfer da Gahl da abokansu suka nuna cewa ɗiga sistiyamin a ido yana narkar da shi. Sai a 2012 aka amince da wannan maganin ɗigawa a Amurka.

Abin da maganin bai yi ba

Kada in yi muku zuƙi-ta-malle, sistiyamin ba ya warkar da cutar. Yoyon da ya riga ya fara ba ya tsayawa, dole yaro ya ci gaba da shan ruwa mai yawa da ƙarin sinadaran da yake asara. Da yawa daga cikinsu har yanzu suna kaiwa ga dashen ƙoda, sai dai a makare. Shan maganin kansa aiki ne: duk bayan awa 6, har da tsakar dare, tsawon rayuwa. Yana tayar da zuciya, kuma yana sa numfashi da gumi su yi wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ku yi tunanin ɗan shekara 15 da zai shiga aji da wannan. Shi ya sa matasa da dama suke tsallake sha. A 2013 aka fito da nau'in da ake sha duk awa 12, amma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Na ido kuwa, na farkon, kusan kowace awa ake ɗigawa muddin mutum yana farke.

Duk da haka, ga abin da ya sauya. Cutar da a da likitocin yara kaɗai suka santa, domin masu ita ba sa girma, yau akwai manya masu ɗauke da ita, suna karatu, suna aiki, wasu matan har sun haihu. Da suka girma ne ma aka gano cewa dashen ƙoda kaɗai ba ya isa. Sabuwar ƙodar ba ta kamuwa, amma sistin yana ci gaba da taruwa a maƙogwaro, tsoka da sauran sassa, ya kawo ciwon suga, raunin hannu da wahalar haɗiya. Gahl ya shafe shekaru yana bin waɗannan manya a NIH, ya nuna cewa dogon shan maganin yana rage waɗannan matsaloli.

Wasu kuma suka ɗora daga inda ya kai. A 1998 rukunin Corinne Antignac a birnin Faris, tare da abokan aiki a Landan, suka gano ƙwayar gadon, aka sa mata suna CTNS. Ita ce take ƙera ƙofar nan da Gahl ya auna aikinta shekara 16 kafin a san kamanninta. A 2019 kuma Stéphanie Cherqui, wadda ta taso a lab ɗin Antignac, ta fara gwajin gyara ƙwayar gadon a jikin marasa lafiya a San Diego. Shi kansa Gahl a 2008 ya kafa wani shiri a NIH na karɓar marasa lafiyar da aka yi ta yawo da su asibiti-asibiti ba a gano abin da ke damunsu ba.

Mu ina ruwanmu?

Na san wani zai ce cutar mutum ɗaya cikin dubu ɗari, a ƙasar da maleriya take kashe yara kullum, ina amfanin ɓata tawada? Ina da amsa biyu.

Ta farko, yoyon ƙodar nan ba gado kaɗai ke kawo shi ba. Gubar dalma tana lalata wannan sashe na bututun. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga sarrafa zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ƙwaƙwalwa ta fi taɓawa, amma ƙoda ma ba ta tsira. Tun shekarun 1960 aka san cewa tetirasaikilin da wa'adinsa ya wuce yana iya haddasa irin wannan yoyo, kuma kun san yadda ake sayar da kafso a tire cikin rana. Tenofobir, maganin da ake bai wa masu cutar HIV da masu ciwon hanta nau'in B, shi ma yakan taɓa wannan wuri ga wasu, shi ya sa likitoci suke sa a riƙa duba ƙodar masu shansa. Game da cututtukan gado irin wannan kuma, sun fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa, domin dangi sun fi yiwuwar ɗaukar ƙwaya iri ɗaya. Wannan ba zagin al'adar kowa ba ne, dalili ne na a nemi shawarar likita idan an ga yara a gida ɗaya suna rasuwa da ciwo iri ɗaya.

Ta biyu, ku duba da me aka yi wannan aiki duka: awo. An auna sistin a tantani, an auna saurin fitarsa, an auna aikin ƙoda da tsayin yara shekara bayan shekara. Har gobe, abin da yake gaya wa likita ko maganin ya isa shi ne awon sistin a fararen ƙwayoyin jini. Wannan aikin mutanen lab ne, irin wanda ake koya mana. Da ranar nan na rubuta "ciwon suga" na miƙa, kuma babu dattijon da zai tsayar da ni, da an ɗora yaron a kan hanyar da ba tasa ba.

Don haka ga abin da na ɗauka. Idan ƙaninka ko ɗan yayarka bai kai shekara 2 ba, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, yana amai, nauyinsa ya ƙi ƙaruwa, kada a tsaya ga cewa haƙori ne. A kai shi asibiti, a gwada fitsari da jini tare. Tsinken gwajin fitsari ba shi da tsada, kuma binciken Gahl ya nuna cewa a irin wannan ciwo watannin farko su ne masu daraja.

Game da furojet kuwa, ba na cewa ɗan ND zai gano maganin cuta a simesta ɗaya. Amma gwajin 1982 tambaya ɗaya tak ya amsa: kayan nan suna fita ko ba sa fita? Ni ma na rage tawa ta koma ɗaya. Na zaɓi in auna dalma a ruwan rijiyoyi goma na unguwar da ke bayan makarantarmu, in maimaita kowane awo sau uku, in rubuta abin da na samu ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Da sufabaiza ya tambaye ni wa zai amfana, na ce masa yaran gidajen da suke shan ruwan. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya sa hannu, ya ce in je in fara.